Yadda Ake Saita AVR na Zamani a Janareta

Tun a Janairun 2021, lokacin da aka tarwatsa turakun da ke kawo lantarki daga Damaturu, Maiduguri ta daɗe a cikin duhu, janareta ya zama ƙashin bayan sana'a. Ko bayan ƙaddamar da tashar wuta mai aiki da iskar gas mai megawat 50 a Maris 2023, masu ƙanƙara, masu injin niƙa da masu rijiyar burtsatse ba su ajiye injinansu ba. Abin da ke damuna shi ne, da zarar wuta ta fara rawa, sai a ɗora wa AVR laifi, a cire shi a sayo sabo, alhali sau da yawa cutar tana wani wuri.

AVR wata 'yar na'ura ce da ke cikin akwatin wayoyin janareta. Tana auna wutar da ke fita, ta gwada ta da adadin da aka saita mata, sannan ta tura 'yar ƙaramar wuta zuwa kwayil ɗin da ke tayar da maganaɗisu. Idan lodi ya ƙaru wuta ta sauka, sai ta ƙara. Idan lodi ya ragu, sai ta rage. Tsohon samfuri da sukuddireba ake murɗa shi. Na zamani kuwa, irin su Leroy-Somer D350, Mecc Alte DSR da Basler DECS, suna da ƙwaƙwalwa da ke riƙe lambobi, kuma galibi da kwamfuta ake shigar musu da saiti. Amma AVR ba shi da iko a kan gudun inji, wannan aikin gwamna ne, wato na'urar da ke daidaita gudun inji.

1. Kashe inji, ka tsare ranka. Sauke babban makunni, ka raba janareta da lodi, ka cire wayar batir don kada wani ya tayar da shi hannunka na ciki. Wutar bolt 400 ba ta barin mutum ya yi kuskure sau biyu.

2. Buɗe akwatin ka duba. Ƙurar hunturu takan kwanta a kan AVR ta toshe masa iska. Goge ta da busasshen buroshi, ka duba fis, ka ja kowace waya a hankali, domin girgiza na kwance su. Idan ka ga bakin waya ya yi baƙi ko robarsa ta narke, canza shi. Injin da ruwa ya taɓa, kamar waɗanda ambaliyar madatsar Alau ta shafa a Satumbar 2024, sai an busar da kwayil an gwada shi da mega, wato mitar gwada lafiyar rufin waya. Kafin gwajin, cire wayoyin AVR gaba ɗaya, domin bolt 500 na mega zai ƙona shi nan take.

3. Fara da gudun inji. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Babban janareta na dizal yana juyawa sau 1500 a minti don ya ba da Hz 50, ƙanana kuma sau 3000. Mai tsohon gwamna yakan nuna Hz 51 zuwa 52 idan babu lodi. An ƙera AVR yadda zai rage wuta da gangan idan gudu ya faɗi ƙasa da kimanin Hz 47, don ya kare kwayil kuma ya ba inji damar farfaɗowa. Saboda haka idan wuta ta yi ƙasa kuma Hz ma ya yi ƙasa, duba matatar mai, matatar iska da gwamna. Wanda ya ƙara bolt a wannan hali, ranar da aka gyara inji wutar za ta haura ta ƙona kayan mutane.

4. Saita bolt. Karanta farantin da ke jikin janareta, ka shigar da bayanansa daidai. Tayar da inji ba lodi, ka auna da mitar hannu, kada ka dogara da ta jikin allo kaɗai. Ana so a samu 400 tsakanin layi da layi, 230 tsakanin layi da nutural.

5. Daidaita natsuwar wuta. Idan kwan fitila na lumshewa yana buɗewa, ko lambobin mita na hawa da sauka, AVR na gaggawar mayar da martani, sai ka rage masa kaifi. Idan kuma wuta ta faɗi ta jima ba ta dawo ba, ƙara kaɗan. Lamba ɗaya za ka riƙa canzawa, ka gwada, sannan ka taɓa ta gaba.

6. Sa iyakoki. Saita yadda wuta za ta riƙa hawa sannu a hankali lokacin tashi, da iyakar wutar da za a tura wa kwayil bisa littafin kamfani.

7. Gwada da lodi. Fara da kwata, sai rabi, sai kashi uku cikin huɗu, kana auna layukan uku don kada ɗaya ya ɗauke nauyin sauran. Famfon burtsatse da firiza kan ja ninki biyar zuwa bakwai na wutarsu lokacin tashi, don haka a kunna manya da farko, ɗaya bayan ɗaya. A bazara, da zafi ke wuce digiri 40, rage lodi, ka buɗe wa ɗakin inji iska.

8. Idan babu wuta sam. Injin da ya daɗe a ajiye yakan rasa ragowar maganaɗisunsa. Ƙwararre zai cire wayoyin F+ da F- daga AVR, ya taɓa su da batir mai bolt 12 na 'yan daƙiƙoƙi. Idan hakan bai yi ba, a gwada dayod ɗin da ke juyawa tare da kwayil kafin a yanke wa AVR hukunci.

Da ka kammala, adana saitin a kwamfuta, ka kuma rubuta lambobin a takarda ka manna a cikin murfin akwatin. Duk makanikin da ya zo bayanka zai san inda aka tsaya, mai inji kuma ya huta da sayen abin da lafiyarsa ƙalau.