TSOHON KEKE DA ƁARAYINSA

Keke dai abin hawa ne wanda ba ya shan mai, ba ya cin dusa, ba ya kuma neman komai wurin mai shi sai iska a taya da ɗan mai a kaca. A garinmu Toranke, cikin Ƙaramar Hukumar Ajingi, da shi ake zuwa gona, da shi ake kai kaya kasuwa, da shi kuma ake kai sakon gaisuwa ko na rasuwa ƙauyukan da ke kewaye. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mutane da yawa sun jingine babur sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Da darajar keke ta tashi, sai idon ɓarawo ya koma kansa. Dalilin da ya sa ke nan na ga ya kamata in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu ɗan bayani a kan wannan abin hawa da yadda za mu tsare shi.

Da farko ya kamata mu san asalin abin da ke jingine a zaurukanmu. Keken da dattawa ke kira Rale, wato Raleigh, an fara ƙera shi ne a birnin Nottingham na ƙasar Ingila a cikin shekarun 1880. Alamarsa kan zalɓe ce, tana manne a gaban keken. Saboda yawan masu sayensa a ƙasar nan, har masana'antar haɗa shi aka kafa a Kano. A 2002 aka daina ƙera keke a masana'antar Nottingham, saboda haka duk wanda ke da Rale ɗan Ingila a gidansa yana riƙe da abin da ba a sake yin irinsa a can. Bayansa akwai Hercules, shi ma ɗan Ingila, da Phoenix na ƙasar Sin wanda ya cika kasuwanninmu daga baya.

Ni kuwa wanda ya fi burge ni shi ne tsohon keken tsere. Kansa a lanƙwashe yake ƙasa kamar ƙahon rago, tayoyinsa sirara ne, ba shi da kariya, yana kuma da giya da yawa. Keken gona yakan kai nauyin kilo 20, amma na tsere bai cika wuce rabin haka sosai ba, domin bututun ƙarfen da aka yi shi da shi siriri ne ƙwarai. Irinsa ake hawa a gasar zagaya ƙasar Faransa, wadda aka fara a 1903, inda mahaya ke shafe mako uku suna hawa duwatsu suna gangarowa. A 1980 wani ɗan ƙasar Holan mai suna Joop Zoetemelk ya ci wannan gasa a kan keken Raleigh. Ashe keken da kakanninmu ke ɗaure wa buhun gero ɗan gida ɗaya ne da wanda ya zo na ɗaya a babbar gasar duniya. A Turai akwai masu neman irin waɗannan tsofaffin kekuna su gyara su adana. Mu kuma a nan sukan shigo mana cikin kayan gwanjo, a sayar da su ga wanda bai san tarihinsu ba.

To, shi ɓarawo babu ruwansa da tarihi. Idan ya ɗauke keke, ɗayan abu uku yake yi. Ko ya kai shi wata kasuwa mai nisa ya sayar da araha, ko ya kwance shi ya sayar da taya daban, sirdi daban, kaca daban, ko kuma ya miƙa wa masu sayen ƙarfe su auna a sikeli. A hutun da ya wuce an ɗauke wa wani maƙwabcinmu keke a bakin masallaci ranar Juma'a. Keken na mahaifinsa ne, ya gada. Da shi yake kai itace kasuwa ya sayo wa iyalinsa cefane. Tun daga ranar a ka yake ɗaukar itacen, abin da yake kaiwa a sawu ɗaya yanzu sai ya yi sawu uku. Da aka tambaye shi lambar keken sai ya ce bai taɓa sanin keke yana da lamba ba.

Ga abubuwan da nake ganin za su taimaka.

Na farko, kowane mai keke ya san lambarsa. A zamanin En'e akwai lasin keke da ake biya a liƙa masa lamba. Yau an bar wannan, amma kamfani yakan buga wa keke lamba a jikin ƙarfensa, galibi a ƙarƙashin inda feda ke juyawa ko kusa da gindin sirdi. Mu da muka iya rubutu, aikinmu ne idan mun je hutu mu kifa keken gida mu kwafe lambar a littafi, mu ɗauki hotonsa a waya in da hali.

Na biyu, ɗan makullin nan da ke kama tayar baya bai isa ba, domin ɓarawo sai ya saɓa keken a kafaɗa ya yi gaba. A sami sarƙa mai kauri da kwaɗo, a zura ta cikin jikin keken da tayar baya, a ɗaure a turke ko itace. Mai keken tsere ya ƙara kula, saboda tayarsa tana da wani ɗan hannu da ake buɗewa ta fita ba tare da sifana ba. Wani Ba'italiye, Tullio Campagnolo, shi ya ƙago wannan dabara wajen 1930 don mahayi ya canja taya da sauri, amma ta sauƙaƙa wa ɓarawo aiki. Wanda ya ɗaure tayar gaba kaɗai, zai dawo ya tarar da taya babu keke.

Na uku, da dare a shigar da keke cikin gida, kada a bar shi a zaure. A kasuwa kuma a ba mai jiran kekuna ɗan abin da ya sawwaƙa.

Na huɗu, kuma shi ne mafi muhimmanci, kada mu sayi keken da ba mu san asalinsa ba. Idan baƙo ya kawo keke a rabin kuɗinsa, ba rasit ba shaida, ko kuma an goge lambarsa an shafe da sabon fenti, to, a bar masa kayansa. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da babu mai saye da babu mai ɗauka.

Na biyar, idan aka kama ɓarawo, a kai shi wurin mai unguwa ko 'yan sanda. Taron dukan da ake yi wa wanda ake zargi yakan kai ga rasa rai, wani lokaci ma a kan wanda bai ji ba bai gani ba, kuma babu keken da ya kai ran mutum.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu, duk mai tsohon keke a rumbu ko a bayan ɗaki kada ya yi saurin ba masu sayen ƙarfe. Ya kai wa mai gyara ya duba shi, sau da yawa taya da kaca kawai yake bukata ya koma kan hanya. Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya kuma shiryi masu ɗauke-ɗauke, amin.