Matakan Isa Gida Lafiya a Tafiyar Sallah

Ana jibi Sallah, tashar Jabi a Abuja da ta Kawo a Kaduna da Unguwa Uku a Kano duk sun cika maƙil, kuɗin mota ya tashi, direba na son ya yi sawu biyu a rana guda. Yawancin abin da ke kashe mutane a wannan lokaci gaggawa ce, kuma tun daga gida ake maganinta.

1. Zaɓi ranar tafiya da lokacin tashi. In da hali, ka bar gari kwana uku ko huɗu kafin Sallah, kada ka jira jajibiri. Ka yi sammako bayan sallar asuba, ka lissafa yadda za ka isa kafin magariba. Daga Abuja zuwa Kano ta Kaduna da Zariya kusan kilomita 400 ne, ana yinsa da rana tsaf. Daga Legas kuwa abin ya kai kilomita 1,000, don haka ka yada zango a hanya. Tafiyar dare tana haɗa ka da ramin da ba ka gani, da tirelar da ta mutu a tsakiyar titi babu alama sai ganye, ga kuma masu garkuwa da mutane da suka addabi wasu hanyoyin Kaduna da Zamfara da Neja. Tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a makon, su ne suka fi kowa sani.

2. Kai motarka wurin bakanike mako guda kafin tafiya, ba ranar tashi ba. A duba birki da mansa, da baƙin mai, da ruwan lagireto, da fitilu, da waifa, domin Babbar Sallah a 'yan shekarun nan tana faɗawa farkon damina. Taya ce aka fi yi wa sakaci. A gefenta akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka yi ta: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗi kan tayar da ta haura shekara huɗu, ko da zanenta bai cinye ba, don roba na bushewa, zafin kwalta kuma ya fasa ta ana cikin gudu. Taya 'yar gwanjo araha ce da ke ƙarewa a asibiti. Kada ka manta da safaya mai iska, da jak, da tukunyar kashe gobara, da alamar nan mai kusurwa uku.

3. In motar haya za ka shiga, shiga cikin tasha, a rubuta sunanka da lambar wani naka a takardar fasinjoji. Motar bakin hanya ta fi sauƙin kuɗi, amma ba wanda ya san direbanta. Ka dubi idon direba da yawan lodin da aka yi. Kuma in ya fara gudun wuce sa'a, ka yi magana. Mu fasinjoji muna da wata kunya marar amfani, kowa ya yi shiru kada a ce shi ne matsoraci. Ka ce, "Malam direba, don Allah a sassauta, da iyali a motar nan." Sau da yawa mutum ɗaya na buɗe baki sauran za su mara masa baya.

4. In kai ne a sitiyari, ka yi barci isasshe a daren. Wannan ya fi muhimmanci a Ƙaramar Sallah, lokacin da mutum ya kwana goma yana tahajjud, ga azumi a baki, sannan ya kama hanyar awa bakwai cikin rana. Shari'a ta yi wa matafiyi rangwamen ajiye azumi ya rama daga baya, ta kuma ba shi kasaru. Gyangyaɗi na daƙiƙa uku a gudun kilomita 100 ya isa mota ta ci mita 80 ba mai riƙe da ita. Goro da shayi ba sa biyan bashin barci, ƙwaya kuwa ƙara rikita lissafi take yi. Da ka ji ido ya yi nauyi, ka tsaya a gari ko gidan mai, ba a daji ba.

5. Riƙe ƙa'idar gudu: kilomita 100 a awa ga ƙaramar mota a tagwayen hanya, 90 ga bas da tasi, 50 a cikin gari. Kada ka wuce mota a kwana ko a kan tudu. Kowa ya ɗaura bel, har na baya, yara kuma a kujerar baya. Waya ta jira.

6. In ka tarar da haɗari, kira 122 na jami'an kiyaye haɗurra ko 112. In tankar mai ce ta faɗi, ka yi nisa da ita, ka hana naka matsawa. A watan Oktoba na 2024, a garin Majiya da ke Jigawa, mutum sama da 150 suka ƙone wajen kwasar fetur, aka sake ganin irinsa a mahaɗar Dikko kusa da Suleja a Janairun 2025.

Kafin ka tashi, ka cika wayarka da caji, ka gaya wa wani a gida lambar motar da hanyar da za ka bi, ku yi alkawarin za ka kira shi a kowane babban gari da ka wuce.