Karatun Gida a Sakkwato: Daga Nana Asma'u Zuwa Shekarar Korona

Wata mai sauraronmu daga unguwar Mabera a Sakkwato tana tambaya: shin koyar da yara a gida baƙon abu ne da cutar korona ta kawo?

A'a, Malama, tsohon abu ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, a gida ta yi karatu. Ita ta kafa 'Yan Taru, inda jajoji, wato malamai mata, sanye da malfa ke kai wa mata ilimi har ƙauyukansu.

Korona dai tilasta wa kowa ta yi. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu, azumi ya kama a Afrilu. Tsakar gida ta koma aji. Bayan Asuba yara su ɗauko allo, da hantsi uwa ta duba musu lissafi tana tankaɗe, ga buta da sabulu a bakin zaure. Yaro na yin zazzaɓi hankalin kowa ya tashi, ko da na cizon sauro ne. Iyaye mata suka sha wannan ɗawainiya, kuma sun cancanci yabo.

Duk da haka, da Sallah ta gabato aka kai ɗinki wajen tela, aka kwaɓa lalle, aka soya cincin. Ranar Lahadi, 24 ga Mayu, aka yi Ƙaramar Sallah.