Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Za Mu Rabu da Dogon Ƙarfen Eriyar Gidanmu?

TAMBAYA: Ina rubuto muku ne daga Boko, ƙaramar hukumar Kusada. A tsakar gidanmu akwai dogon ƙarfen eriyar talabijin da marigayi mahaifinmu ya kafa tun muna yara. Fayif uku aka haɗa, an dasa gindinsa da siminti a jikin katanga, wayoyi huɗu ke riƙe da shi. Tun da muka sa dish muka daina amfani da shi. A daminar da ta wuce waya ɗaya ta tsinke, yanzu ya ɗan karkata wajen gidan maƙwabcinmu, ga kuma wayar wuta ta bi ta ƙofar gida. Wasu 'yan gwangwan sun ce in sallama musu, su kayar da shi su kwashe. In ba su, ko akwai abin da ya fi?

AMSA: Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa.

Malam, kada ka bari su kayar da shi. Kana iya sayar musu daga baya in ka ga dama, amma saukewa aikinku ne, ku za ku tsara shi. Wanda zai saya a kan sikeli bai damu da yadda ƙarfen ya faɗo ba, domin miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe nauyinsa ɗaya ne. Kai ke da katanga, kai ke da maƙwabci, kuma yaranku ne ke wasa a tsakar gidan. In ya faɗa kan rufin mutane, su sun ja kurarsu sun tafi, kai za a kira gaban mai unguwa.

Irin wannan ƙarfe ya cika garuruwan da ke tsakanin Kano da Katsina, kuma da dalili aka yi masa tsawo. Saƙon talabijin na ƙasa a miƙe yake tafiya, ba ya bin doron ƙasa, saboda haka wanda ya yi nisa da tasha sai ya ɗaga eriyarsa sama kafin ya kama hoto. Kafin a ƙirƙiri jihar Katsina a 1987, har ma bayan nan, mutanen yankinku tashoshin Kano suke hari, NTA da kuma CTV da aka kafa a zamanin Gwamna Abubakar Rimi, wadda yanzu ake kira ARTV. Gidan da ke da irin wannan eriya shi ne ke cika da yaran unguwa ranar da ake nuna wasan kwaikwayon Samanja. Don haka kafin a taɓa ƙarfen, ka zauna da 'yan'uwanka. In ba a raba gado ba, yana cikin dukiyar magada komai ƙanƙantar kuɗinsa, kuma wataƙila a cikinku akwai wanda ganinsa ke tuna masa da mahaifinku. In mahaifiyarku na da rai, da ita za a fara.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne wayar wutar nan. Na san abin da za a ce maka: ai babu wuta, mun kwana biyu ba mu gan ta ba. Kada ka saurari wannan magana. Wuta ba ta sallama kafin ta dawo, kuma ko babu ta daga taransifoma, janareto ko na'urar sola ta wani gida da aka yi wa haɗin banza tana iya mayar da wuta cikin layin unguwa. Wayar da ke shiga gidaje tana ɗauke da volt 230, wadda ta isa ta kashe mutumin da ke tsaye a ƙasa riƙe da ƙarfe. Manyan wayoyin da ke saman falwaya kuwa, masu volt 11,000 ko 33,000, ba sai an taɓa su ba, in ƙarfe ya kusance su sosai wutar tsallakowa take yi. A Amurka, mutanen da suka mutu wajen kafa eriya ko sauke ta sun yi yawan da a 1978 hukumar kare masu sayen kaya ta tilasta wa kamfanoni manna gargaɗi a jikin irin waɗannan eriyoyi. Shawarar da ake bayarwa a can ita ce tazarar da ke tsakanin ƙarfe da waya ta kai ninki biyu na tsawon ƙarfen. A cikin gari irin namu da wuya a sami wannan fili. Saboda haka ka auna daga gindin ƙarfen zuwa wayar. In ƙarfen zai iya kai mata in ya faɗi, ka je ofishin KEDCO mafi kusa, su turo ma'aikaci ya yanke layin, ya sauke wayar da ta shigo gidanku, ya kuma tsaya a wurin har a gama. Ɗan abin da za ka kashe a nan shi ne kuɗin da ya fi cancanta a duk aikin.

Ka kuma gaya wa duk wanda zai kama aiki tun kafin a fara: in ƙarfen ya suɓuce ya nufi waya, kowa ya saki abin da ke hannunsa ya ja baya. In ya riga ya kwanta a kan waya, kada a taɓa shi, kada a taɓa igiyar da ke jikinsa, kada kuma a kama wanda wuta ta riƙe da hannu. Ƙasar da ke kewaye da gindin ma tana iya ɗaukar wuta, sai a fita ana jan ƙafa a haɗe, ba da dogon taku ba.

Sai saukewar kanta. Kada kowa ya hau shi, ko yaro mara nauyi. Tsohon fayif ta ciki yake ruɓewa, domin ruwan sama yana shiga ta baki ya taru a gindi, sai ka ga waje lafiya lau, ciki kuwa tsatsa ta cinye. Ka ƙwanƙwasa shi da guduma daidai inda ya haɗu da siminti. In sautin ya fito a dushe, ko ɓawon tsatsa ya zubo, to wayoyin nan uku da suka rage su kaɗai ke riƙe da shi, kuma kwance ɗaya ba tare da an ɗaura igiya a madadinta ba daidai yake da kayar da shi.

Matuƙan jiragen ruwa masu tafiya da iska sun daɗe da sanin wannan matsala, domin su ma suna da dogon turke a tsakiyar jirgi wanda wayoyi ke riƙewa ta kowane gefe, kuma sukan kwantar da shi in za su wuce ƙarƙashin gada ko za su fitar da jirgin kan tudu. Abin da suka gano shi ne, farkon saukewa ba wuya. Lokacin da turke ke tsaye, mutum ɗaya ma zai riƙe igiyarsa. Amma yana ƙara kwantawa, igiyar tana ƙara yin daidai da jikinsa, ƙarfin da take buƙata yana ninkuwa, har a kai inda ko mutum goma ba za su iya tsayar da shi ba. A daidai nan ne kuma gindin ke yin harbi, ya zabura baya ko sama. Yawancin raunin da ake ji a wannan gaɓa ake jin sa, lokacin da mutane suka ɗauka an kusa gamawa.

Dabararsu mai sauƙi ce, kuma za ta yi maka aiki. Ana samun gajeren ƙarfe ko itace mai ƙwari, wanda ya kai kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawon dogon, a kwantar da shi a ƙasa ta ɓangaren da masu riƙe igiya suke, gindinsa a ɗaure da gindin dogon. Babbar igiya ta taso daga saman dogon ta bi ta kan gajeren, sannan ta iso hannun mutane. Dogon yana kwantawa, gajeren yana miƙewa, sai igiyar ta ci gaba da ja daga sama maimakon daga ƙasa. Wanda ya taɓa ganin jigo a fadama zai gane hikimar nan take. In akwai ƙatuwar bishiya a bayan ƙarfen, ratsa igiyar ta kan babban reshe yana yin wannan aikin. Ƙarshen igiyar a naɗe shi sau biyu a jikin kututture ko turke mai zurfi, a riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan. Kada wanda ya naɗa igiya a hannunsa ko a ƙugunsa.

Ban da babbar igiya, ana buƙatar biyu a gefe, dama da hagu, don kada ya kauce wa hanyar da aka zaɓa masa, musamman da yake naku ya riga ya karkata wajen maƙwabci. Ana iya ɗaga madaukin igiya sama da doguwar gora, ba sai an hau ba. Mutum biyu su tsaya a gefe da gwafa mai ƙarfi su tarbe shi in ya sauko, ba a ƙarƙashinsa ba. Gindin kuwa mai walda ne zai yi maka shi: kafin ya yanka, ya haɗa masa maƙalli mai noti ɗaya mai kauri, yadda zai juya kamar ƙyauren ƙofa ba tare da ya tsere ba. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba da umarni, sauran su yi shiru. A fitar da mata da yara daga gidan da na maƙwabci, a kwance dabbobi. In tsakar gidan ba ta kai tsawon ƙarfen ba, a bar maganar kwantarwa gaba ɗaya, a sa magina su kafa dandamali a gefensa, a riƙa yankowa daga sama guntu-guntu, kowane guntu a ɗaure da igiya kafin a yanke.

Ka yi aikin da rani, da sassafe, gari ya waye amma iska ba ta taso ba. Kada ka bari bazara ta kama, domin iskar da ke zuwa gaban hadarin farko ita ce za ta ƙarasa wayoyin da suka rage. In farin fayif ne mai rufin tutiya, zarto ko injin yanka ya fi wutar walda, saboda hayaƙin tutiya yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji ga wanda ya shaƙa. In dole sai da wuta, a yi a sarari, mai aikin ya ba iska baya.

In ya sauka lafiya, kada ka yi gaggawar daddatsa shi. Cikakken fayif kimanin mita 6 ne, kuma mai inci biyu mai kauri yana kai kilo 5 a kowace mita, wato kilo 30 ke nan. Ko da duka ukun irin wannan ne, ba za su wuce kilo 90 ba, kuma ƙarfen eriya yawanci yana sirancewa ta sama, saboda haka naku zai yi ƙasa da haka. Ka tambayi kuɗin kilo ɗin baƙin ƙarfe ka lissafa, sannan ka tambayi kuɗin sabon fayif guda a shagon kayan gini a Kankiya. Za ka ga bambancin da kanka. Miƙaƙƙen fayif mai lafiya kaya ne, ba gwangwan ba, kuma mai walda zai saya da daraja don ginshiƙin rumfa, ko ƙofa, ko amalanke. Ni da za ku bi tawa, guda ɗaya ku bar shi a gida ku ɗora masa fitilar sola, ko ku ba masallacin unguwa a ɗora lasifika, ladan ya je wa mahaifinku. Abu biyu kawai zan hana: kada a ja ruwan sha da shi, kada kuma a yi ƙafar tankin ruwa da tsohon fayif, domin lita 1,000 tan guda ce cur.

Abin da ya ruɓe shi ne rabon sikeli, kuma a nan ma a ware kaya. Ka ɗauki maganaɗisun tsohuwar lasifika ka gwada: abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, abin da ya ƙi kamawa kuma ba shi da nauyi, kamar haƙarƙarin eriyar da ke can sama, sanholo ne. Nauyin sanholo kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, amma kilonsa ya fi tsada nesa ba kusa ba, domin yana narkewa a zafin digiri 660 kacal, abin da masu zubin tukwane ke iya kaiwa da gawayi da zuga-zugi. In ka bari aka haɗa shi da ƙarfe a awo ɗaya, ka yi kyauta. Shi kuwa baƙin ƙarfe sai zafi ya kai wajen digiri 1,500, shi ya sa yake bin dillalai zuwa manyan wurare irin kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, daga nan a loda shi zuwa masana'antun da ke narka shi su yi rodi. Kowane hannu a wannan hanya yana cire ribarsa, don haka kada ka yi mamakin tayin da za a yi maka a ƙofar gida. Ka ji farashi a wuri biyu ko uku, ka kuma gwada sikelin da abin da ka san nauyinsa, kamar buhun siminti mai kilo 50 da ba a buɗe ba. Wayar da ta sauko daga eriya zuwa ɗaki kada a ƙona ta don neman jan ƙarfe, abin da ke ciki bai kai hayaƙin da za a shaƙa ba.

Ka yi cinikin a gaban shaidu, mai unguwa ya sani. Satar ƙarafan gwamnati da na makarantu ta jawo wa sana'ar gwangwan zargi, har gwamnatin Borno ta haramta ta a 2023, kuma mutumin kirki da ya ɗauko dogon fayif a mota yana iya shan tambayoyi a hanya. 'Yar takarda mai sunan mai sayarwa da mai saye da kwanan wata tana kare ku duka biyu. In za a ɗauka da tsawonsa, a ɗaure shi gaba da baya, a rataya jan ƙyalle a ƙarshensa.

Guntun da zai rage a cikin siminti kada a bar shi a tsaye. A yanke shi daidai da ƙasa, a dakushe bakin, a cika ramin da kwaɓaɓɓen siminti, don kada ya yanki ƙafar yaro ko ya tara ruwan sauro. Kafin ranar aikin kuma, tun yau ka sa a ɗaga igiya da gora a maye gurbin wayar da ta tsinke, ka gaya wa maƙwabcinka halin da ake ciki, a daina shimfiɗa tabarma ta wannan gefen.