FILIN MANOMA: Ƙarar Da Akori-kura Mai Shan Gas Ke Yi Kafin Ta Tashi

Da kaka ta yi, manoman Sharabi da sauran ƙasar Bagudo sukan nemi akori-kura, irin su Toyota Hilux, don kwashe shinkafa zuwa kasuwa, har Tsamiya ta bakin iyakar Benin. Waɗansu motocin nan man gas su ke sha, watau dizal. To, mai irin wannan mota yakan ji 'yan ƙararraki da zarar ya murɗa makulli, tun inji bai motsa ba. Wanda bai san kanta ba sai ya zaci lalacewa ce, ya je ya ɓarnatar da kuɗi wurin makanike a banza.

Ga dalili. Injin nan, wanda Rudolf Diesel ya kammala a Jamus cikin 1897, ba shi da fulogi mai tartsatsi kamar na fetur. Iska ya ke matsewa har ta yi zafi ƙwarai, sa'an nan a fesa mai ya kama da kansa. Amma da asubar hunturu ƙarfe yakan yi sanyi, saboda haka aka sanya masa waɗansu 'yan sanduna masu ɗumama shi, waɗanda makanikai ke kira hita.

Ƙara ta fari ita ce "ƙas" guda. Wannan makunnin hita ne ya kama, kuma wata fitila mai kama da naɗaɗɗiyar waya takan bayyana gaban direba. Sai a dakata har ta mutu. Sabuwar mota sakan kaɗan ya ishe ta, tsohuwa kuwa takan fi daɗewa. Bayan haka akan ji "ƙas" ta biyu, watau makunnin ya saki.

Ta biyu, waɗansu motoci suna da famfon lantarki mai turo mai daga tanki. Shi yakan yi gunji siriri kamar na ƙudan zuma, jim kaɗan ya yi shiru. Duk waɗannan alamar lafiya ce.

Amma akwai waɗanda ba a so. In an murɗa makulli zuwa ƙarshe aka ji "ƙas-ƙas-ƙas" da sauri, inji bai juya ba, galibi batir ne ya yi sanyi, ko kuwa kan batir ya yi tsatsa ko ya kwance. In "ƙwas" guda aka ji mai nauyi, sa'an nan shiru, sai a duba batir da wayoyinsa tukuna, kafin a tuhumi sitata. Haka kuma in fitilar matatar mai ta ƙi mutuwa bayan mota ta tashi, mai yiwuwa ruwa ya taru a ciki, abin da yakan sami mai sayen man jarka. A tsiyaye shi nan da nan, gama ruwa yana lalata famfon inji, gyaransa kuwa yakan cinye ribar buhu da yawa.

Kada direba ya riƙe makulli fiye da sakan 10 zuwa 15. In ta ƙi tashi, ya bar ta ta huta kamar minti guda. Mai gaggawa yakan kashe batir, ya ƙone sitata, kaya su kwana a gona ran kasuwa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba manoma sa'a, amin.