Turancin Wayar Tarho

Ya kai mai karatu, ka sani tarho ba baƙon abu ba ne a duniya. Tun cikin 1876 wani mutum mai suna Alexander Graham Bell ya sami takardar shaidar ƙago shi a Amurka. Amma wayar hannu irin ta aljihunka ba ta bazu a Nijeriya ba sai daga 2001. Yau ga ta a Zango, ga ta a Daura, har ƙauyukan bakin iyaka. Sai dai ita waya da Turanci ta zo, wanda bai ji Turancinta ba kuwa, kuɗin katinsa ya kan ƙone a banza.

Kalma ta fari ita ce call, ana faɗinta kamar "kol", watau kira. Dubi yadda ta ke juyawa:

Call me, kira ni.
I called you, na kira ka.
I will call you, zan kira ka.
Call me back, ka sake kirana.

Ka lura da kyau. In ka ga ed a wutsiyar kalmar nan, abin ya riga ya wuce. In ka ga will a gabanta, abin yana nan tafe. Saboda haka in abokin cinikinka na Ikko ya ce I will call you, kada ka ɓata katinka, jira shi.

Akwai waɗansu maganganu biyu da kan ruɗa sabon shiga. Hold on, watau dakata, kada ka kashe. Hang up kuwa, kashe kiran. Wanda ya musanya su, sai ya katse maganar da ya daɗe yana nema.

Wani lokaci za ka ji murya ta amsa da Turanci. Na'ura ce, kada ka gaishe ta. Ka kasa kunne ga kalma uku kaɗai. Busy, mutumin yana magana da wani, ka ɗan jinkirta. Switched off, wayarsa a kashe ta ke. Not reachable, layi bai kai gare shi ba, watakila yana gona ko kan hanya. To, hankalinka ya kwanta, ba guje maka ya ke yi ba.

Game da lamba, Bature ɗaya-ɗaya ya ke karanta ta, sifiri kuwa ya ce zero ko "o". Lambar wayar hannu a Nijeriya alƙaluma 11 ce, ta fari sifiri. Wanda zai kira ka daga ƙetaren iyaka sai ya yar da sifirin, ya fara da +234. Kai kuwa in ɗan'uwanka na Damagaram ka ke nema, fara da +227, lambar ƙasar Nijar ke nan.

Gargaɗi guda. Duk wanda ya ce maka send me your PIN, lambar sirrin ajiyarka ya ke roƙo. Ɓarawo ne, ko da ya ce daga banki ya ke. Nan ne wurin hang up.

In magana ta yi maka sauri, kada ka ji kunya, ce please speak slowly, watau don Allah yi magana a hankali. Matambayi ba ya ɓata.

Aikin yau: rubuta lambarka, ka karanta ta da Turanci sau 3 a gaban abokin karatunka, shi kuma ya rubuta abin da ya ji, ku gwada.