BARCIN JARIRI DA YARO ƘARAMI: YADDA ZA A AUNA SHI A GIDA

Jama'a, mun saba kai yara asibiti a auna nauyinsu, a yi musu allurar rigakafi. Amma akwai wani ma'auni na lafiyar yaro wanda ba a cika kula da shi ba, shi ne barci. A cikin barci ne jikin yaro ya fi fitar da sinadarin da ke sa girma, ƙwaƙwalwa kuma ta adana abin da ya koya da rana. Yaron da barci bai ishe shi ba yakan zama mai rigima da yawan kuka.

AWA NAWA YA KAMATA?

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana adadin barcin da ya dace da yaro a cikin awa 24, wato dare da rana duka:

Daga haihuwa zuwa wata 3: awa 14 zuwa 17.
Wata 4 zuwa wata 11: awa 12 zuwa 16.
Shekara 1 zuwa 2: awa 11 zuwa 14.
Shekara 3 zuwa 4: awa 10 zuwa 13.

KOWANE GIDA DA AL'ADARSA

Mu ɗauki misalin Mubi ta Jihar Adamawa, kusa da iyakar Kamaru. Can akwai Gude da Fali da Njanyi, akwai Fulani da Hausawa, ga Margi da Higi da Kilba, Musulmi da Kirista, duk suna cin kasuwa ɗaya. Amma renon yara ba iri ɗaya ba ne. Matar makiyayi takan tashi tun da duhu don tatsar nono. Mai zuwa gona takan yini da ɗanta a goye. Matar ma'aikaci kuwa wataƙila ta bar nata wurin kaka ko mai reno. Da zafin bazara iyali da yawa sukan kwana a tsakar gida, da hunturu a koma ɗaki.

Saboda haka idan malamin asibiti ya ce, "Ƙarfe nawa kike sa shi a gadonsa?" ya yi tambayar da ba ta dace da yawancin gidaje ba. Masana na amfani da takardar tambayoyi da Farfesa Avi Sadeh ya tsara a shekarar 2004, amma wajibi ne a juya ta zuwa harshen da uwa ke ji, Hausa ko Fulatanci ko wani, a kuma daidaita ta da zaman gidan. Wani bincike da aka buga a shekarar 2010 ya nuna cewa yaran ƙasashen Asiya sun fi na Turawa jinkirin kwanciya da kuma kwana tare da iyaye. Ashe kowa da irin nasa. Abin dubawa shi ne ko barcin ya wadatar, kuma ko wurin kwanciyar ba shi da haɗari.

YADDA ZA A YI AWON

A ɗauki kwana 7 a jere, kullum a rubuta, ko a sa ɗan makaranta ya rubuta:

1. Lokacin da yaro ya yi barci da dare, da lokacin da ya tashi.
2. Sau nawa ya farka, da tsawon farkawar.
3. Barcin rana duka, har da wanda ya yi a goye.
4. Ko yana minshari, ko numfashinsa na sarƙewa.

Inda babu agogo, a kwatanta da lokutan salla ko fitowar rana da faɗuwarta. A tambayi duk wanda ya yi renon yaron a ranar, domin uwa ba ta ganin kome.

Ga misali. Yarinya 'yar wata 8 ta yi barci ƙarfe 8 na dare, ta tashi ƙarfe 5 na asuba, awa 9 ke nan. Ta farka sau 2 ta sha nono, aka cire rabin awa, saura awa 8 da rabi. Da hantsi ta yi awa 1 da rabi a goye, bayan azahar ta yi awa 2. Jimla awa 12. Ta cika ma'auni. Da an manta da barcin goyo, da an zaci ta gaza.

A KIYAYE WAƊANNAN

A kwantar da jariri rigingine har ya shekara, kada a kwantar da shi rubda ciki. A sa shimfiɗa mai tauri, a kawar da matashi da bargo mai nauyi daga fuskarsa. A nisanta shi da hayaƙin taba da na itace. Ya kwana cikin gidan sauro mai magani. Kada a ba shi wayar hannu don a lallashe shi. Kada kuma a ɗura masa maganin tari ko wani jiƙo don ya yi barci. Tun shekarar 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da maganin tari mai kodin, ta kuma hana yin sa a ƙasar nan.

ALAMUN HAƊARI

Yawan barci ba kullum ne alamar lafiya ba. Idan yaro ya yi laushi, aka kasa tashe shi, ko ya ƙi nono, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, to a garzaya da shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Idan kuwa awon kwana 7 ya nuna ƙaranci, ko yaro na minshari kusan kowane dare, a kai takardar wurin malaman asibitin sha-ka-tafi mafi kusa.

Iyaye maza, wannan aiki har da ku. Rigakafi ya fi magani.